Yadda na tsara gem ɗin da suka cika min had dis

Duk wanda yake sana'ar turi ko yake da gidan gem a ƙauye ya sani, gem baya zuwa maka a tsare. Yau wani ya dawo daga Kano da filash ka kwafa, gobe ɗan makaranta ya zo hutu daga Dutse da laftof ɗinsa ka kwashe abinda ke ciki, jibi ka sayi data ta dare ka sauke biyu uku, duk inda ka ga fili nan kake jefawa. Shagona yana wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, gefe ɗaya caji da turi, gefe ɗaya kuma benci da talabijin da PS2 biyu da PS3 ɗaya, kuma shekara da shekaru haka nake tarawa a had dis guda uku har ta kai idan yaro yace a saka mishi abu sai na yi ta buɗe New folder ɗaya bayan ɗaya shi kuma yana tsaye da kuɗinsa a hannu. Gem ɗin na san yana nan, inda yake ne aiki.

Da damina na zauna na yi gyaran, saboda lokacin ne kasuwarmu take sanyi, yara duk suna gona sai yamma liƙis. Matsalar damina kuma sola, ranar da hadari ya rufe batir baya cika, toh shi ya sa kwafin manyan fayil na barshi sai tsakar rana idan gari ya washe. Laftof na yi amfani da ita ba babbar kwamfuta ba, don ko inbata ta ɗauke batirinta zai riƙe had dis ɗin, kunsan ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi ita ce ke lalata fayil, wani sa'in har da had dis ɗin gaba ɗaya.

Kafin na taɓa komai sai da na duba lafiyar su kansu had dis ɗin da wata ƙaramar manhaja CrystalDiskInfo. Kala take nunawa, shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuma ya kusa tafiya. Ɗaya daga cikin nawa, wanda ya fi tsufa kuma ya sha ƙurar hunturu, ruwan ɗorawa ya nuna, dama kwana biyu ina jin yana wani ƙas ƙas idan ya ɗau zafi. Shi na fara kwashewa zuwa sabon mai tera 2 da na yi sautu daga Kano. Af, duk wanda ya sayi mai tera 2 ya jona ya ga 1.81 kada ya ce an cuce shi, masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa ma mai tera 1 yake nuna giga 931. Inda ake cuta na gaske a memori da filash ne, a rubuta giga 64 a jiki amma abinda ke ciki bai kai 8 ba, ka tura gem ya nuna ya shiga, mutum ya je gida ya ƙi buɗewa ya dawo yana maka kallon macuci. H2testw nake sakawa yanzu in gwada duk filash ɗin da zan yi aiki da shi, tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, na bogi nan take asirinsa ke tonuwa. Kwafin kuma da TeraCopy na yi don tana iya tantance ko abinda ya isa daidai yake da wanda ya taso.

Sai bairos. Irin wannan mai ɓoye folda ya bar maka shotkot, duk mai turi ya san shi, filash ɗin mutane ne ke kawo shi. Na wanke, na dawo da ɓoyayyun folda da umarnin attrib, sai ga wasu gem da na ɗauka sun ɓata tuntuni ashe suna nan kwance.

Toh daga nan aikin gaske ya fara. Ban fara da buɗe sabbin folda ba, na fara da son sanin me ma nake da shi. Akwai manhaja mai suna Everything, kana rubuta *.iso zata jero maka duk wani ISO, wato kwafin faifan gem a fayil ɗaya, da ke cikin had dis ɗin a ƙiftawar ido, haka sauran nau'ukan fayil ɗin gem, *.cso, *.apk, *.obb, *.pkg. Wallahi da jerin ya fito sai da na yi dariya ni kaɗai. San Andreas kaɗai ya fito da sunaye kala kala, gta, cj, gta sabo, gta mai kyau, gta2 final, wani ma sunansa kawai 1.iso. Kuma abin haushi ISO bata gaya maka na wace na'ura ce, na PS2 ISO ne, na PSP ma ISO ne, na PS3 ma ana samu a ISO, har faifan saka Windows ISO ne. Girma yana ɗan taimakawa amma baya isa.

Abinda ya warware min shine buɗe cikinsu da manhajar 7-Zip ba tare da na warware fayil ɗin ba, leƙawa kawai. Idan ka ga SYSTEM.CNF da wani fayil mai suna kamar SLUS_209.46 toh na PS2 ne, kuma wannan lambar ita ce shaidar gem ɗin, wannan da na rubuta ta San Andreas ce ta Amurka. God of War II kuma SCUS_974.81. Idan ka ga folda PSP_GAME na PSP ne, cikinta ma akwai ɗan hoto ICON0.PNG da zai nuna maka gem ɗin da idonka. Idan PS3_GAME ka gani ka san inda ya dosa. Haruffan farkon lambar su ke faɗin yankin da aka yi wa gem ɗin. A PS2, SLUS Amurka, SLES Turai, SLPM da SLPS Japan, idan kuma kamfanin Sony ne da kansa ya fitar sai ka ga SCUS ko SCES. A PSP ULUS da ULES, a PS3 BLUS da BLES. Da na gane wannan sai sunan da wani ya laƙaba wa fayil ya daina damuna, lambar nake bi.

Nan ne kuma na ga ba duk maimaici ne maimaici ba. Da farko niyyata duk gem ɗin da ya fito sau biyu in goge ɗaya in samu fili. Amma mu nan bakin iyaka muke, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari mutanen Nijar suna shigowa, samarinsu da yawa idan zasu karɓi gem tambayar farko ita ce akwai Faransanci? Na Turai, wato SLES da ULES, su ne galibi suke zuwa da yaruka da yawa, Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Italiyanci, na Amurka kuwa yawanci Turanci ne. Sannan akwai maganar talabijin, tsohuwar mai ƙeya wadda bata karɓar NTSC, wato tsarin hoton Amurka, idan ka saka mata na Amurka sai hoto ya fito baƙi da fari, na Turai tsarin hotonsa PAL ne irin namu. Su kuma 'yan ƙwallo sun fi son na Amurka mai gudun 60, suna cewa na Turai mai 50 nauyi gare shi. Ga kuma sebin, wato ajiyar inda mutum ya tsaya a gem, wanda aka ajiye a na Amurka baya buɗewa a na Turai, kaga idan na goge wanda yaro ya yi nisa a ciki na jawo wa kaina rigima. Don haka doka ta zama, lamba ɗaya girma ɗaya a goge ɗaya, lamba daban a ajiye duka idan gem ɗin mai farin jini ne. A haka ma fili mai yawa ya dawo.

Ƙwallo ita ce ta fi cin lokaci, ta ci kusan rabin aikin gaba ɗaya. Abinda mutane da yawa basu sani ba, PES na ƙarshe da Konami ta fitar wa PS2 da PSP shine PES 2014, FIFA kuma FIFA 14, duka a 2013 suka fito. Sunan PES ɗin ma an canza shi zuwa eFootball tun 2021. Saboda haka duk wani PES 2023 ko 2024 da kake gani a PS2 ko a PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP a waya, ba kamfani ne ya yi ba, wasu masu sha'awa ne suka ɗauki tsohon suka canza 'yan wasa da riguna da hoton farko, irin Bomba Patch na 'yan Brazil da aka gina a kan Winning Eleven 10. Toh tunda tsohon gem ɗin ne a ƙasa, lambarsu sau da yawa iri ɗaya ce, dabarata ta bin lamba ta tashi aiki a nan. Shekarar da aka rubuta a suna ma ba abin yarda bace, wani zai ɗauki na bara ya canza lamba ɗaya ya ce sabo ne.

Yara ne suka bani mafita ba tare da sun sani ba, don su basa cewa 2022 ko 2024, cewa suke Yaya a saka mana wanda Ronaldo yake Al Nassr. Sai na riƙa buɗe kowanne ina duba mutum huɗu. Messi, idan yana Barcelona kafin tsakiyar 2021 ne, PSG daga 2021 zuwa 2023, Inter Miami daga 2023. Ronaldo a Al Nassr daga farkon 2023. Mbappe a Real Madrid daga 2024. Osimhen kuma Napoli ko Galatasaray, ya koma Galatasaray a 2024. Minti biyu ka san ainihin kakar da aka yi facin, wato gyaran da aka yi wa tsohon gem ɗin. Sai in rubuta sunan da haka, in ƙara ko sharhin Turanci ne ko na Larabci don akwai masu son ihun Balaraben nan idan an ci. Na bar sabbi guda biyu uku masu kyau, na bar PES 6 na 2006 na asali saboda manya irinmu har gobe shi muke ganin ƙwallo, sauran na tsakiya da babu mai tambaya na share. Ban ji zafin goge su ba ko kaɗan, ƙwallon da 'yan wasanta suka tsufa ko kyauta ka bayar ba mai karɓa.

Na PPSSPP na waya kuma matsalarsu daban. Irin waɗannan facin guda uku suke tafiya, ISO ɗin, da sebin da ake zubawa a PSP/SAVEDATA, da hotunan da ake zubawa a PSP/TEXTURES. Babu sebin sai tsofaffin 'yan wasa su fito, babu hotunan sai riguna da fuskoki su hargitse. A wajena kuwa ISO yana wannan had dis, sebin yana wancan, hotunan suna cikin wani zip mai suna new. Haɗa kowanne da 'yan uwansa sai da gwaji a waya, wanda na rasa abokan tafiyarsa na watsar. Yanzu kowane ɗaya folda guda ce, abu uku a ciki, da ɗan rubutu na inda ake zuba kowanne don ƙanina ya iya turawa ko bana nan. Na Android masu APK, fayil ɗin da ake sakawa, da OBB, mai ɗauke da bayanan gem ɗin, su ma haka, sai dai a kula, foldar OBB ba'a canza mata suna, ta San Andreas dole ta zauna a com.rockstargames.gtasa, ka ƙara ko harafi ɗaya gem ɗin zai ce bai ga komai ba. Kuma tun daga Android 11 shiga Android/obb da Android/data ya zama wahala a wayoyi da yawa, wannan ma na rubuta a gefe. Masu buƙatar intanet irin Free Fire da PUBG da eFootball na waya tsofaffin APK ɗinsu duk na goge, kana sakawa zai ce sai an sabunta, ajiyarsu asarar fili ce kawai.

Tsarin foldar da na tsaya a kai mai sauƙi ne, na'ura ce a sama. PS2, PSP, PS3, Waya, Kwamfuta, sai Tsofaffi inda na zuba na Sega da Nintendo da 'yan gem ɗin Java na ƙananan wayoyi. A cikin Waya ban raba da faɗa ko tsere ba, na raba da ƙarfin waya, don yawancin abinda ke hannun mutanenmu itel ne da Tecno da Infinix masu ram 2 ko 3, kuma abinda ke ɓata ciniki shine ka tura wa mutum gem ya riƙa sarƙewa. Yanzu ina karɓar waya in duba ram in san foldar da zan buɗe.

PS2 kuwa ba kai ke zaɓar tsari ba, OPL, manhajar da ke buɗe gem daga filash a PS2, ita ce ke zaɓa. Folda biyu take neman gem a cikinsu a filash, CD da DVD, ƙananan gem na faifan CD a ta farko sauran a ta biyu, ka ƙirƙiri wata folda a ciki ka ce faɗa ko ƙwallo ba zata gani ba. Tsohuwar OPL kuma sai ka sa lamba a gaban suna, lambar sannan ɗigo sannan sunan sannan .iso, sunan kada ya wuce harafi 32. Ga FAT32, tsarin fomat ɗin filash da tsohuwar OPL take karantawa, bata ɗaukar fayil ɗin da ya haura giga 4, God of War kuma ya haura nesa ba kusa ba, shi ya sa ake yanka irinsu da USBUtil gunduwa gunduwa na giga ɗaya ɗaya masu suna ul. da wasu lambobi, tare da ɗan fayil ul.cfg wanda shine ke riƙe da jerin sunayen. Irin waɗannan gunduwoyin na tarar da su birjik a tsohon had dis, babu ul.cfg ɗinsu, da ba don lambar gem tana jikin sunan kowace gunduwa ba da ban san na mene ne ba. Sabuwar OPL tana karanta exFAT, tsarin fomat mai ɗaukar babban fayil, babu sauran yanka, na koma kanta a na'ura ɗaya na bar ɗayar yadda take tunda tana aiki. Abu ɗaya da bai canza ba, ramin USB na PS2 tsohon yayi ne, 1.1, shi ya sa bidiyon cikin gem yake tsinkewa, ba laifin ISO bane, kada ka goge mai kyau saboda haka. Kuma filash ɗin da ake ta gogewa ana ƙarawa fayil yana warwatsewa a ciki gem ya tsaya a baƙin sikirin, maganinsa ka yi fomat ka zuba su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya sa na raba abin biyu. Babban had dis shine rumbu, cikakkun ISO ne a ciki ba yanka, baya zuwa kusa da benci, ba mai jona shi sai ni. Filash ɗin da ke jikin na'ura kuma awon yau da gobe ne, gem ɗin da ake bugawa kullum kawai, ƙwallo da Mortal Kombat Shaolin Monks da SmackDown da Need for Speed Most Wanted da Downhill Domination da 'yan kaɗan. Dogon jeri ma ɓata lokaci yake, yaro ya biya kuɗin wasa ya ƙare rabin lokacinsa yana gangarawa yana hawa.

Gwaji ba zan iya ni kaɗai ba. Ɗan yayata da abokansa na saka, duk wanda ya dawo daga gona ya yi wanka ya zo ya buga kyauta, sharaɗi ɗaya, gem ɗin da na miƙa zai buga ba wanda yake so ba, kuma sai ya wuce matakin farko. Don wasu suna buɗewa lafiya sai an yi nisa su daskare, wasu kuma an yanke musu bidiyo da sauti don a rage girma. Sai ka ji ana Kawu wannan ba magana a ciki, Kawu wannan da an shiga mota yake tsayawa, Kawu wannan yaren Japan ne ba'a gane komai. Ina zaune da biro ina sa alama. Wanda ya wuce ya shiga rumbu, mai matsala ya tafi wata folda da na sa wa suna Asibiti, idan na samu mai lafiya in musanya.

Sai jeri. A WPS, manhajar rubutu ta waya, na yi shi don in riƙa dubawa ko laftof tana kashe. Suna, lamba, na'ura, girma, yare, mutum nawa ke bugawa, sai layin da ya fi kowanne amfani, sunan da yara ke kiran gem ɗin, don ba mai zuwa ya ce San Andreas, CJ zai ce, God of War kuma mai sarƙa, Downhill kuma keke. Layin mutum nawa ma yana da muhimmanci a gidan gem, mai ɗaukar mutum biyu kuɗi biyu ne a zama ɗaya. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba hoto ne mafita, OPL Manager tana gyara sunaye ta kuma sauko da hoton bangon kowane gem ta zuba a foldar ART, sai dai tana son sabis mai ƙarfi, a Gumel na yi wannan ranar da na shiga sayayya. Tun da hotunan suka hau ƙananan yara da yatsa kawai suke nunawa.

Akwai kuma waɗanda na ware a filash daban yana cikin aljihuna. GTA da God of War da makamantansu ko a can inda aka yi su na manya ne, M ake rubutawa a na Amurka, 18 a na Turai, akwai wuraren da bai kamata yaro ɗan firamare ya gani ba, kuma nan gari ne da kowa ya san uban kowa. Wani dattijo maƙocinmu ya taɓa leƙowa ya ce ɗana, abinda kake nuna wa yaran nan ka san shi? Na ce Baba ina dubawa. Toh yanzu da tsarin ya zauna dubawar ta zama gaske.

Ajiya ta biyu ban iya yi wa komai ba, kuɗin wani mai tera 2 ba wasa bane. Had dis ɗaya mai lafiya cikin tsofaffin na mayar gida, na zuba masa abinda zai yi wuyar sake samu, facin ƙwallon da na haɗa da hannuna, jerin, hotunan ART, sai sebin. Sebin nan su ne mafi ƙanƙanta, memorin PS2 gaba ɗayansa mega 8 ne, amma San Andreas ko ya ɓata gobe zan samu a wajen wani mai turi a Gumel, ƙungiyar Master League ta PES da saurayi ya shekara yana ginawa kuwa babu inda zan samo masa. Foldar VMC, inda OPL ke ajiye sebin, ita nake kwafewa duk Juma'a kafin masallaci, har a wayata akwai kwafi.

Sabon abu kuma yanzu baya shiga rumbu kai tsaye ko waye ya kawo. Akwai folda mai suna Baƙi, nan yake sauka, a wanke shi, a leƙa lambarsa, a duba jeri ko dama akwai shi, a gwada, sannan ya wuce. Na PS3 da na kwamfuta har yanzu rabi na yi, su manya ne, guda ɗaya sai ya cinye wajen na PS2 biyar ko fiye, kuma sabon had dis ɗin ya riga ya kusa cika. Na bar su a tsohon wajensu da lambobinsu a rubuce, sai bayan kaka idan an sayar da riɗi in ga ko zan iya ƙaro wani.